Darasi na 7: Zaɓen Madubin Hangen Nesa Don Kallon Tsuntsaye da Namun Daji

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya karanta lambobin da ke jikin madubin hangen nesa, ya gane wanda ya dace da idonsa da wurin da zai je kallo, ya gwada shi kafin ya biya kuɗi, sannan ya san yadda ake saita shi da adana shi.

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san shamuwa. Da an gan ta a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, manomi ya san damina ta ƙarato. To amma a tara mutum goma a tambaye su launin fuskarta, da wuya a sami ɗaya da zai faɗa daidai. Daga ƙasa baƙar tsuntsuwa kawai ake gani, cikinta fari. Wanda ya ɗora mata madubin hangen nesa shi zai ga fatar fuskarta shuɗiya ce da ɗan ja kusa da ido, gwiwoyinta da yatsunta kuma jajaye. Haka carkin da ke bin bayan shanu: bakinsa rawaya ne daga tushe, ja a tsini. Shekara da shekaru muna zaune da su, nisa ya hana mu sanin kamanninsu.

A Nijeriya kaɗai masana sun ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 900, kuma akasarinsu ba sa yarda mutum ya matso. Namun daji ma haka, wasunsu ma matsarsu haɗari ne. Shi ya sa mai aikin gandun daji, da malamin makaranta, da ɗan rakiyar baƙi, da mai sha'awar kallo kawai, duk suke buƙatar madubi. Kayan aiki ne kamar fartanya, kuma kowa ya san fartanyar da ta fi ƙarfin hannun mai ita ba ta gama kunya. Kuskuren da sabon mai saye ya fi yi shi ne ya ce a ba shi wanda lambarsa ta fi girma. Wannan darasi zai nuna dalilin da ya sa hakan yakan zama asarar kuɗi.

Abin da ke cikin madubin

Madubin hangen nesa bututu biyu ne da aka haɗa, kowane ido da nasa. A gaban kowane bututu akwai babban gilashi mai tattara haske, a baya kuma ƙaramin gilashin da ake kara ido. Babban gilashin yana kifar da hoto, sama ta koma ƙasa. Saboda haka ake sa wasu dunƙulallun gilasai masu kusurwa a tsakiya, ana ce musu firizim, su miƙar da hoton.

A shekarar 1608 wani mai yin tabarau a ƙasar Holan, Hans Lippershey, ya nemi hukuma ta yi masa rajistar madubin hange mai bututu ɗaya. A 1854 wani ɗan Italiya, Ignazio Porro, ya yi rajistar dabarar firizim da har yau ake kira da sunansa, kuma a 1894 kamfanin Zeiss na Jamus ya fara sayar da madubi mai ido biyu da wannan dabara. Yau iri biyu ake samu. Akwai na Porro, mai faɗin kafaɗa, wanda gilasan gabansa suka fi na ido warewa. Akwai kuma mai miƙaƙƙen bututu, siriri, wanda ya fi sauƙin ɗauka kuma ya fi sauƙin toshewa daga ruwa da ƙura. Miƙaƙƙen ya fi wuyar ƙerawa, don haka idan kuɗin mutum kaɗan ne, sau da yawa na Porro ya fi ba da hoto mai kyau a kan farashi ɗaya.

Lambobi biyu

A jikin kowane madubi za a ga lambobi biyu da alamar sau a tsakaninsu, kamar 8x42 ko 10x50. Ana karanta na farkon "takwas sau arba'in da biyu", amma ba lissafin sau ake nufi ba.

Lambar farko ita ce ƙarfin kusantowa. Madubi mai 8 yana nuna abu kamar an rage nisansa sau takwas. Idan gauraka tana tsaye a nisan mita 80, za a gan ta kamar tana mita 10. Da mai 10 kuwa za a gan ta kamar tana mita 8. A lura da wannan sosai: tsakanin mai 8 da mai 10, a wannan misali, ratar mita biyu ce kacal.

Lamba ta biyu faɗin gilashin gaba ce a ma'aunin milimita. Gilashin nan shi ne tagar da haske ke shiga. Gilashi mai milimita 42 yana tattara hasken da ya kusa ninka na mai 25 sau uku. Sai dai gwargwadon faɗinsa, gwargwadon nauyinsa. Madubi 8x42 yakan kai giram 600 zuwa 800, mai gilashi 50 kuma yakan doshi kilo guda. Nauyin da ba a ji a shago ana jinsa a wuya bayan awa uku a daji.

Abin da ƙarfi ke ci

Duk ƙarin ƙarfi akwai abin da yake cinyewa, kuma abubuwa uku ne.

Na farko natsuwar hoto. Babu hannun da ba ya rawa, ko da kaɗan ne, ga numfashi ga bugun zuciya. Madubi yana ninka wannan rawa kamar yadda yake ninka girman tsuntsu. A ƙarfi 8 yawancin mutane ba sa damuwa da ita. A 10 ana fara jinta, musamman idan an gaji ko ana iska. Daga 12 zuwa sama sai an sami abin ɗorawa, in ba haka ba hoton zai yi ta tsalle har mutum ya kasa bambance shaho da shirwa. Tsuntsu ƙarami a ido amma tsaye cak ya fi babba mai karkarwa bayyana.

Na biyu faɗin fage, wato yawan filin da ido ke ɗauka lokaci guda. Wanda ya leƙa ta cikin kara mai rami ya san yadda duniya ke ƙuntata. Ƙarfi yana ƙaruwa, fage yana tsukewa. Ana rubuta shi a jikin madubi ta ɗayan hanyoyi uku. Wani lokaci za a ga 131m/1000m, ma'ana a nisan mita 1000 ana ganin fili mai faɗin mita 131. Wani lokaci a rubuta da digiri, kuma kowane digiri ɗaya kusan mita 17.5 ne, don haka digiri 7.5 ya ba da wajen mita 131. Madubin da aka yi wa kasuwar Amurka kuma yakan zo da ƙafa a nisan yadi 1000. Sai a raba lambar gida uku a sami mita: ƙafa 393 mita 131 ke nan. Mai 8 mai kyau yakan ba da mita 120 zuwa 140, mai 10 kuma 100 zuwa 115. Amfanin faɗi yana bayyana ne ranar da kanari ke tsalle daga reshe zuwa reshe, ko tsattsewa ke sheƙa gudu a sama. Mai ƙunƙuntaccen fage yana can yana lalube, tsuntsu ya tashi.

Na uku haske, kuma shi yana buƙatar ɗan lissafi.

Ɗigon haske

Ku ɗaga madubi ku miƙe hannu, ku fuskanci farin bango ko sararin sama nesa da rana. A tsakiyar kowane gilashin ido za ku ga wani ɗan da'irar haske. Duk hasken da zai shiga idonku ta nan zai fito. Ana samun faɗinsa idan aka raba lamba ta biyu da ta farko:

8x42: 42 ÷ 8 = milimita 5.25
10x42: 42 ÷ 10 = milimita 4.2
8x32: 32 ÷ 8 = milimita 4
10x25: 25 ÷ 10 = milimita 2.5
7x50: 50 ÷ 7 = kusan milimita 7.1

Me ya haɗa wannan da ido? Ku tuna idon kyanwa, da rana tsaga siririya, da dare ya buɗe. Namu ma haka yake. Baƙin ɗigon da ke tsakiyar idon mutum ƙofa ce, da tsakar rana takan tsuke zuwa milimita 2 ko 3, a duhu ta buɗe. Ta matashi tana iya kai wa milimita 7, amma shekaru na ja tana raguwa, ta dattijo takan tsaya wajen 5. Idan ɗigon hasken madubi bai kai faɗin ƙofar ido ba, hoto zai dushe. Idan ya zarce ta, ragowar hasken ya tafi a banza.

Daga nan abu biyu suka fito. Ƙaramin madubin aljihu 10x25 zai yi kyau a ƙofar shago da azahar, amma da asuba ko gab da magariba zai yi duhu, alhali a waɗannan lokuta ne tsuntsaye suka fi kai da kawo, namun daji kuma suke sauka mashaya. Sannan dattijon da ya sayi 7x50 don ya ji an ce ya fi haske, nauyi kawai ya ƙara wa kansa, domin idonsa ba zai karɓi milimita 7 ba. Ɗigo mai milimita 4 zuwa 5 ya wadatar da mai kallon tsuntsu da dabba.

Kowane wuri da madubinsa

Kafin a tambayi kuɗin madubi, a fara tambayar kai: ina zan fi zuwa da shi?

A dajin Amurum kusa da Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take, akwai duwatsu da kurmi da inuwa, tsuntsayen kuma ƙanana ne masu ɓuya. A yankin ake ganin wani ɗan jan tsuntsun duwatsu wanda masana ba su rubuta bayaninsa a matsayin iri mai zaman kansa ba sai a 1998. Irin wannan wuri, da lambu, da bakin rafi mai duhuwa, na mai 8 ne, saboda faɗin fage da haske.

A dausayin Haɗeja da Nguru, tsakanin jihohin Jigawa da Yobe, labari ya sha bamban. Ruwa ne shimfiɗe, babu abin da ke tare ido, tsuntsaye kuma suna can nesa: dinya, kirinjijiya, zalɓe, da agwagin da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a wurare irin su Dagona. A nan mai 10 yana da rana, 10x42 ko 10x50. Masu ƙidayar tsuntsayen ruwa, waɗanda sukan fita a watan Janairu, suna haɗawa da babban madubi mai ido ɗaya, mai ƙarfi 20 zuwa 60, wanda ake kafawa a kan ƙafa uku.

A Yankari ta jihar Bauchi a cikin mota ake zagayawa, musamman da rani lokacin da giwa da ɓauna da gwanki ke taruwa kusa da kogin Gaji. Dabbobin manya ne, ba sa buƙatar ƙarfi mai yawa, mota kuwa tana girgiza. Mai 8, ko ma 7, ya fi. A roƙi direba ya kashe inji idan an tsaya, domin karkarwarsa tana shiga hoto. A Kure ta Jamhuriyar Nijar ma, kimanin kilomita 60 daga Yamai, inda ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma suke kiwo a tsakanin gonaki, mai 8 ya isa.

Wanda kuma madubi ɗaya zai saya ya yi komai da shi, ya ɗauki 8x42. Idan nauyi ya dame shi, ko da yara za a riƙa amfani, 8x32. Mai 10 na wanda hannunsa ya natsu ne kuma yawancin kallonsa a fili yake.

Mai tabarau da mai son kallon kusa

Mai sa tabarau ba ya iya kai idonsa dab da gilashi. Saboda haka ya nemi madubin da ke ba da cikakken hoto ko ido yana baya da milimita 15 ko fiye. Ana rubuta wannan a takardar madubi, amma gwaji ya fi: ya murɗa kofunan ido su koma ciki, ko ya naɗe robarsu, ya duba da tabaransa. Idan ya ga da'ira cikakkiya, madubin ya karɓe shi. Marar tabarau kuwa ya fito da kofunan waje.

A kuma gwada iyakar kusancin da madubi ke iya saitawa. Mai kyau yana nuna abu tar a nisan mita 2 ko 3. Wani kuwa sai mita 6, ka ga alhudahuda ya sauka a gabanka sai ka ja da baya kafin ka gan shi.

A kasuwa

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ko sabo ne ko na gwanjo, kada a biya sai an yi waɗannan:

1. A duba ɗigon haske. Ya kasance da'ira sosai, fari tas. Idan gefunansa sun dushe ya yi kamar mai kusurwa huɗu, firizim ɗin mai araha ne. Wanda aka rubuta wa BaK-4 yakan ba da cikakkiyar da'ira.
2. A auna wayar lantarki ko bakin rufin kwano, a saita, sannan a janye madubin kaɗan daga fuska. Idan layin da idon dama ke gani ya fi na hagu tashi, bututun sun goce. Irin wannan yana kawo ciwon kai cikin 'yan mintuna, a ajiye shi ko nawa aka rage.
3. A karanta rubutun allon wani shago mai nisa, a tsakiyar hoto da kuma gefe. A lura ko haruffa suna da inuwar shuɗi ko rawaya mai yawa.
4. A haska tocila ta gilashin gaba. A na gwanjo ana neman ƙura, tsaga, da wani farin zare kamar saƙar gizo, wanda fumfuna ce da ke cin gilashi.
5. A murɗa mamurɗin tsakiya, wanda ake saita hoto da shi, daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Ya tafi sumul, ba ciza, ba sako-sako.

Gilashi mai kyau ana yi masa wani siririn shafe da ke rage tashin haske, shi ya sa yake ɗan ƙyallin kore ko shunayya. A guji mai jan gilashi wal kamar wuta, ado ne da ke ɓata launin abin da ake kallo. A guji ɗan ƙaramin madubin da aka zabga wa lamba irin su 60x60, alhali gilashinsa ko milimita 40 bai kai ba. Rular ɗan makaranta ta isa ta tona asirinsa. Mai ƙarfin da ake ƙarawa a rage, kamar 10-30x50, fagensa ƙunci ne kuma yana saurin gocewa. Wanda aka ce yana gani cikin dare alhali ko batir ba ya ɗauka, zancen talla ne. Araha ba ta ado. Idan da hali a ƙara kuɗi a ɗauki wanda aka toshe da roba aka cika da iskar naitirojin, domin ƙurar hunturu da laimar damina ba sa shiga cikinsa.

Saiti da riƙo

Da farko a lanƙwasa bututun biyu, a buɗe ko a matse, har da'ira biyu su zama ɗaya. Sai a rufe gilashin gaba na dama da tafin hannu, a auna abu mai tsayawa kamar ƙarfen sabis, a murɗa mamurɗin tsakiya har idon hagu ya gani tar. Sannan a rufe na hagu, a juya zoben da ke jikin gilashin idon dama har shi ma ya gani tar. Wannan zobe an yi shi ne domin idanun mutum biyu ba kasafai ƙarfinsu ke zuwa ɗaya ba. Da an saita shi an gama, mamurɗin tsakiya kaɗai za a riƙa taɓawa.

Wajen riƙo, hannu biyu, gwiwar hannu a jingine da ƙirji. In akwai bishiya ko bango a jingina. Idan an hango tsuntsu kada a sunkuya neman madubi. A kafe shi da ido, a ɗago madubin ya shiga tsakanin ido da tsuntsu. A yi ta gwadawa da kurciya da hankakan unguwa har hannu ya saba. Maratayi kuma kullum yana wuya, domin faɗuwa ɗaya tana gotar da firizim.

Adanawa da ladabin kallo

Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi. Wanda ya goge gilashi da bakin riga ya kankare shafen da ya biya kuɗi dominsa. A fara hure ƙurar, a share da burushi mai taushi, sannan a goge da ƙyallen tabarau mai tsabta. Kada a bar madubi a cikin motar da ke rana. Da damina, idan ya jiƙe, a bar shi ya sha iska a inuwa kafin a mayar da shi jaka.

Kada a kuskura a kalli rana da shi, ko na ƙiftawar ido, domin yana ƙona ganin mutum har abada. A ja wa yara kunne. Masu duban jinjirin wata ma su jira sai rana ta faɗi gaba ɗaya.

Madubi ba izinin leƙen gidajen mutane ba ne, ko mashayar da mata ke wanka. A nisanci barikin soja, filin jirgin sama da shingen jami'an tsaro da shi. Baƙon da ya je ƙauye kallo ya fara gaida mai unguwa ko dagaci, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya miƙa musu madubin su ma su duba. A gandun daji a bi umarnin ɗan rakiya, kada a matsa wa tsuntsuwar da ke kwanci, kada a sauka mota don giwa ta yi kamar tana barci.

Sababbin kalmomi

Ƙarfin kusantowa: lambar farko, sau nawa ake rage nisa.
Faɗin fage: filin da ake gani lokaci guda a nisan mita 1000.
Ɗigon haske: da'irar hasken da ke fitowa ta gilashin ido.
Firizim: dunƙulen gilashi mai kusurwa da ke miƙar da hoto.

Tambayoyi

1. Me 10 da 50 suke nufi a 10x50?
2. Burtu yana nisan mita 120. Da madubi mai ƙarfi 8, kamar a mita nawa za a gan shi?
3. Ku lissafa ɗigon hasken 10x50 da na 20x50. Wanne zai fi haske da asuba?
4. An rubuta ƙafa 330 a yadi 1000. Mita nawa ke nan a mita 1000?
5. Wane madubi za ku ba mai zuwa Dagona shawarar ɗauka, wanne kuma mai zuwa Amurum? Ku kawo dalili.

Aikin gida

Ku kasu rukuni-rukuni, ku aro madubi daga wanda ke da shi. Ku fita bayan sallar asuba zuwa bakin fadama ko wata babbar bishiya, ku zaɓi tsuntsu uku da kuka sani tun kuna yara. Kowa ya rubuta launin baki, launin ƙafa, da abu ɗaya da bai taɓa lura da shi ba. Ku rubuta lambobin madubin, ku kuma faɗi ko hoton ya natsu a hannunku ko ya yi rawa.

Ranar da kuka tashi sayen naku, ku tafi kasuwa da wannan takarda, kuma kada ku biya sai kun kara madubin a idonku.